Komoot: manhajar da take gaya min abin da tayar kekena za ta taka tun kafin in fita

Keke ina da shi, ƙafa kuma alhamdulillah lafiyarta ƙalau, abin da ya daɗe yana kashe min gwiwar fita hanya ce. Titi ɗaya na sani, in miƙa kilomita 10 in juyo kilomita 10, kullum shi kenan, ga hayaƙi ga hon ga manyan motoci suna wuce ka iskarsu kaɗai ta isa ta ture ka, ka dawo gida kafaɗa a ɗaure saboda riƙon da ka yi wa kan keke don tsoro ba don gajiyar feda ba. Wata rana na ce bari in canza, na buɗe irin taswirar nan ta waya da masu mota suke amfani da ita, na sa mata wani tafki da nake ta jin labarinsa, ta ja min layi na bi. Wallahi ranar na gane taswirar mota ba ruwanta da mai keke, ita dai ta kai ka da wuri, ta ɗora ni kan babban titi babu ko ɗan gefen da zan raɓe, na yi kusan rabin awa tireloli na shafa ni, ban ƙarasa tafkin ba na sauka na tura keken na tsallaka na kama hanyar gida.

Wani abokina da muke hawa tare jefi-jefi shi ya ce in gwada Komoot. Yanzu na fi shekara ina amfani da ita kusan duk ƙarshen mako, shi ya sa nake ganin zan iya cewa wani abu a kanta, musamman ga wanda yake hawa don shan iska da motsa jiki irina, ba mai tsere ba, ba kuma mai sauri ya isa wajen aiki ba.

Kamfanin na ƙasar Jamus ne, a 2010 aka kafa shi, ya daɗe yana da mazauni a birnin Potsdam, sai a watan Maris na 2025 wani kamfanin Italiya mai suna Bending Spoons ya saye shi. Aikinta a taƙaice, ka gaya mata inda za ka tashi da inda za ka, ka gaya mata irin kekenka, ita kuma ta tsara maka hanya. To wannan ai manhajoji da yawa suna yi. Abin da ya riƙe ni a kanta abu ɗaya ne, kuma shi nake so in fi daɗewa a kai.

Da zarar ta ja maka layi, ka ja sikirin ɗin sama, za ka ga ta yanka tafiyar gida-gida ta rubuta maka abin da ke shimfiɗe a ƙasa. Kilomita kaza kwalta ce, kilomita kaza tsakuwa, kaza ƙasa zalla, kaza kuma ba a san ko mene ne ba. Sannan ga wani lissafin daban na irin hanyar kanta, nawa ne babban titi, nawa ne layin unguwa, nawa ne hanyar da aka ware wa keke, nawa ne siririyar turba wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka. In ka taɓa ɗaya daga ciki sai ta haska maka daidai wurin a kan taswira. Wanda bai taɓa hawa keke mai nisa ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma ɗan'uwa duk daɗin tafiya da duk wahalarta a nan suke. Kilomita 5 a kan kwalta mai laushi da kilomita 5 a cikin yashi suna ɗaya ne a takarda kawai, na farko kana fito kana kallon gari ka gama shi, na biyu tayar gaba tana nutsewa tana karkata kana cije baki, ƙarshe ka sauka ka tura. Mai siririyar taya ta kan titi in ya faɗa burji mai gargada ko tsakuwa masu kaifi, ranar aikin faci zai yi ba yawo ba. Mai ƙatuwar taya mai haƙora kuma in ka ajiye shi kan kwalta tun safe har rana, jan keken kawai zai yi ta yi yana jin gurnanin taya. Saboda haka tambayar da nake fara yi wa kowace sabuwar hanya ita ce me zan taka, kuma Komoot ce ta fara ba ni amsar tun ina zaune a ɗaki.

Yadda nake yi yanzu, in ta tsara min hanya ba na karɓa haka nan. Lissafin nan nake fara dubawa, in na ga babban titi ya kai ko da kilomita 2 sai in taɓa shi in ga a ina yake, in sa yatsa in ja layin zuwa wani lungu ko wata turba da ke kusa, nan take ta sake lissafi, nisa ya ƙaru da ɗan kaɗan amma titin ya fita daga tafiyar. Da haka tafkin nan da na kasa kaiwa na je shi, ta bayan gari, ta wata hanyar burji da ta bi gefen gonaki, ƙarin kilomita 4 kacal a kan waccan ta farko, kuma motocin da na gamu da su ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shekaru ina zaune kusa da hanyar nan ban san da ita ba. Na tsaya bakin ruwan na jingine keken, raina fes, na ce ashe ba hawan ne ya ishe ni ba, titin ne.

Kar ka yi wasa da wajen zaɓar irin keke, don shi ne yake juya komai. Akwai keken yawo na gama-gari, akwai na kan titi, akwai na tsakuwa, akwai na hawan dutse, kuma wuri ɗaya in ka canza zaɓin za ka ga layin ya tashi ya koma wani gefen. Na kan titi yana manne wa kwalta ko da kuwa akwai motoci, na dutse yana farautar turba ko da ta fi nisa ta fi wuya. Ni nawa keken na tsaka-tsaki ne, tayarsa ba siririya ba ba kuma ƙatuwa ba, na gano zaɓin keken yawo ya fi yi min daidai in ina tare da wanda bai saba ba, in ni kaɗai ne kuma ina son ƙura sai in sa na tsakuwa. Akwai kuma inda za ka gaya mata ƙarfinka, mataki biyar ne daga wanda bai saba motsa jiki ba har zuwa gwani, da shi take ƙiyasta awa nawa tafiyar za ta ci. Ka faɗa mata gaskiya a nan don Allah, in ka sa kanka a gwani alhali sati biyu kenan da fara hawa, za ta ce maka awa biyu kai kuma duhu ya same ka a hanya.

Sai zanen hawa da gangare. Shi ma yana ƙasan taswirar, kamar hoton tudu aka yanka ta gefe, kana jan yatsa a kai tana nuna maka tsinin wurin. In ta ce kashi 5 cikin ɗari, ma'anarsa a duk mita 100 da ka ci gaba ka ɗaga sama mita 5, wannan kowa zai hau da ƙaramar giya in ya yi haƙuri. In ya haura kashi 10 kuma ya yi tsawo, to wanda bai saba ba ya shirya turawa. Amfanin da na fi samu da shi shi ne juya tafiya, in na ga babban hawan ya faɗo a ƙarshe lokacin da ƙafa ta riga ta mutu, sai in juya zagayen in fara da shi tun ina da ƙarfi, dawowa ta zama gangare iska na bugun fuska. Ga masu shiga turbar daji, tana amfani da ma'aunin wuya daga S0 zuwa S5, S0 turba ce lafiyayya ba wani cikas, S1 ka fara gamuwa da saiwoyi da ƙananan duwatsu, daga S2 zuwa sama sai wanda ya iya sarrafa birki da jiki sosai. Mai yawon shan iska ya tsaya a S0 da S1 ya ishe shi. Takan kuma sa gargaɗi in akwai matakala a hanya ko wurin da sai an sauka an tura, ka karanta su kar ka tsallake.

Akwai jajayen ɗigo a warwatse kan taswirar, su ake kira Highlights, wurare ne da wasu mahaya suka je suka ji daɗi suka sa hoto da 'yar magana, gada ce ko bakin rafi ko wani tudu da ake hango nesa ko wani yanki na hanya mai daɗin gudu. Ranar da ban san inda za ni ba, ɗigo biyu ko uku nake zaɓa in haɗa su in ce ta zagayo da ni gida. A 2022 kuma suka ƙara wani abu, Trail View, ƙananan koren ɗigo ne, in ka taɓa sai ka ga hoton ita kanta hanyar da wani ya ɗauka yana wucewa. Wannan kam in ka same shi a inda za ka bi ka more, don rubutu zai ce maka ƙasa ce, hoto ne zai nuna maka ko ƙasar mai tauri ce ko irin wadda ruwa ya zaizaye ya bar kwazazzabai.

To amma fa akwai abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya ɗora mata yarda gaba ɗaya. Komoot ba ita ta bi hanyoyin nan ta auna ba. Bayanan daga OpenStreetMap take ɗauko su, taswirar duniya ce da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, kuma 'yan sa kai ne suke zana ta, kowa na iya buɗe akawun ya ƙara hanya ko ya rubuta cewa wannan kwalta ce wancan yashi ne. Kenan kyan abin da za ka gani ya danganta da yawan mutanen da suka damu da yankinku. Inda masu zane suka yi yawa, har famfon shan ruwa da benci za ka gani. Inda suka yi ƙaranci, layin hanyar na iya kasancewa amma ba a rubuta me ke kanta ba, sai ka ga kason "ba a sani ba" ya cinye rabin tafiyar, jajayen ɗigon ma ɗaya nan ɗaya can ko babu sam. Ni abin da ya ƙara min yarda da ita ma kenan, in ba ta sani ba tana faɗa, ba ta shafa maka kwalta a inda babu. Amma dole ka koyi karanta wannan kason a matsayin gargaɗi, in ya yi yawa ka rage nisan tafiyar ka ƙara ruwa ka bar wa kanka lokacin juyowa.

A irin wannan yanayin nake jawo Strava ta taya ta. Strava kamfanin Amurka ne, 2009 aka fara shi, an fi saninsa da masu son auna gudu da gasa da juna, ni wannan ɓangaren bai dame ni ba. Abin da nake buɗewa taswirarsu ce ta zafi, wadda suke tara sawun duk masu hawan da suka bar tafiyarsu a buɗe su zuba a wuri ɗaya, hanyar da aka fi bi ta yi haske sosai wadda ba a cika bi ba ta dushe. Kaga in Komoot ta ce ba ta san wata turba ba, na leƙa can na ga tana haske, na san aƙalla keke yana wucewa kuma ba mutum ɗaya ba, tunda ba sa nuna hanya sai mutane daban-daban sun bi ta. Sai dai haske ba shi ne daɗi ba. Babban titin nan da ya kore ni shi ma haske yake yi ƙal, saboda masu tsere da masu zuwa aiki suna binsa kullum, su sun saba da motoci. Abin da nake nema siririn layi ne mai matsakaicin haske da ya rabu da titi ya yi cikin fili ya zagayo, irin wannan kusan kullum wani ne ya gano wuri mai daɗi ya gaya wa abokansa.

Tunda na ambaci taswirar zafin nan, bari in faɗi abin da bai kamata a manta ba. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura taswirar tana nuna zanen sansanonin soja a wurare irin su Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudun motsa jiki da na'urorinsu a kunne, maganar ta zagaya duniya. In sawu zai iya tona sansanin soja, ƙofar gidanka ba komai ba ce. Duk manhajar da za ka yi amfani da ita, shiga saitin sirri tun ranar farko, ka ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta ko ka mayar da ita ta kai kaɗai, musamman mata da masu keke mai tsada da masu fita lokaci ɗaya kullum. Ni sai na yi nisa da gida nake danna fara.

Trailforks na gwada ta ita ma, an fi saninta da masu keken hawan dutse, tana raba turba da launi kore da shuɗi da baƙi gwargwadon wuya kuma mahaya kan rubuta halin da turbar take ciki, in yankinku akwai irin wuraren nan da aka gina don keke za ta yi maka amfani, in babu ba abin da za ka gani. Google Maps tana da layukan keke masu launin kore tun 2010 amma ba kowace ƙasa aka kunna su ba. Hoton tauraron ɗan'adam ɗinta dai ina buɗe shi kafin kowace sabuwar tafiya, don shi yake nuna min ko akwai inuwar bishiyoyi, ko hanyar ta ratsa rafi ba gada, ko ta ƙare a jikin katanga.

A kan hanya kuma Komoot ba ta da hayaniya. Murya ce take ce maka nan da mita kaza ka yi dama, in ka kauce ta sake lissafi. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana gida, don wuraren da suka fi daɗin hawa su ne sabis ya fi gudu, shi kuwa GPS ba ya buƙatar data, ko ka sa wayar a yanayin jirgi zai ci gaba da nuna inda kake. Sikirin ne mai shan caji, in ka bar shi a kunne cikin rana da haske a ƙure batir ba zai kai ka ko'ina ba, ni kashe shi nake yi in bar muryar kawai, fawa bank ƙarami na cikin jaka tare da famfo da tub na canji da kayan faci. Iyafis kunne ɗaya kawai, ɗayan na jin abin da ke tahowa ta baya ne. Za ka iya fitar da hanyar a matsayin fayil ɗin GPX ka tura wa aboki ko ka zuba a na'urar keke irin Garmin ko Wahoo. Wasu abubuwan kyauta ne wasu sai da rajistar biya, kuma tsarin ya sha canzawa, saboda haka ka tabbatar taswirar ta sauka tana buɗewa ba data kafin ka bar gida.

Akwai kuma abin da babu taswirar da za ta gaya maka ko wace iri ce. Ba ta san an yi ruwa jiya turbar ta koma taɓo ba, ba ta san mai fili ya ja waya makon da ya wuce ba, ba ta san gidan da karnukansa suke bin mai keke ba, ba ta san wurin da bai kamata mutum ya ratsa shi kaɗai da yamma ba. Wannan sai bakin mutane. Akwai dattijon da yake gyara min keke, ranar da na kai masa ya ɗaure min sifok na nuna masa wani zagaye da na tsara, ya karɓi wayar ya ƙura mata ido ya bi layin da yatsa, ya ce "Ɗana, nan har nan lafiya lau, amma wannan kwanar kar ka shiga, ƙaya ce zalla, duk wanda ya bi sai ya zo min da taya biyu a sace." Na ce "To Baba ta ina zan bi?" Ya ce in wuce gaba kaɗan akwai wata a hannun hagu bayan kwalbati, ta fi tsawo amma ƙasarta a dake take. Na bi, haka take kuwa. Masu gyara su suke ganin sakamakon kowace hanya a jikin taya, ka tambaye su. In kuma hanya ta bi ta cikin gona ko filin wani, layi a waya ba izini ba ne, ka tsaya ka yi sallama ka tambaya, in an ce a'a ka juya.

Hanyar da Baba ya nuna min lokacin tana cikin kason da ba a sani ba. Abin ya tsaya min a rai, tunda na san wani zai zo ya tsara tafiya ya ga ba bayani ya kauce mata ya faɗa cikin ƙayar. Sai na sauke StreetComplete, wata 'yar manhaja ce ta Android da take yi maka tambayoyi masu sauƙi kan inda kake tsaye, wannan hanyar me aka shimfiɗa mata, ka zaɓi hoton da ya yi kama, amsar ta tafi OpenStreetMap kai tsaye. Ba ta ɗaukar minti ɗaya. Bayan ɗan lokaci na buɗe Komoot na ga wurin ya tashi daga ba a sani ba ya koma ƙasa dakakkiya, gaskiya na ji daɗi har cikin raina. Tun daga nan duk inda na tsaya shan ruwa sai na amsa biyu ko uku, na sa hoton turbar in ta cancanta, abokina ma ya kama.

Wanda yake da keke a jingine saboda ya gaji da titi ɗaya, ina ba shi shawarar ya sauke ta, ya fara da zagayen da bai wuce kilomita 15 ba kusa da gida, ya cire babban titi daga ciki ko da nisa zai ƙaru, ya fita da sassafe da hular kwano kuma ya gaya wa wani inda ya nufa. Ni Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu akwai zagayen kilomita 32 da na tsara, 19 burji, 9 kwalta ta cikin layuka, sai wasu 4 a tsakiya da har yanzu ba wanda ya rubuta me ke kansu, a hoton sama dai kamar turba ce ta bi gindin wani tudu, taswirar zafi kuma ta nuna ɗan haske siriri a wurin. Na sa tub biyu a jaka saboda su.